Akwati da Zare: Abin da Na Gani Wajen Koya wa Kwamfuta Harhaɗa Ƙarfen Gini

Aikin injiniyan gine-ginen ƙarfe kashi biyu ne, kuma ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Akwai kashin tunani, inda ake neman sanin hanyar da nauyi zai bi tun daga kwanon rufi har ya sauka cikin ƙasa, da sandar da za ta sha ja, da wadda za ta sha danni, da kusurwar da iska za ta fi cin ƙarfin gini. Wannan kashi shi ne ke riƙe da rayukan waɗanda za su zauna a ƙarƙashin rufin, amma ga wanda ya goge ba ya cin lokaci mai tsawo. Sai kuma kashin maimaici: a ja sanda a kan allon kwamfuta, a ba ta suna da kauri, a daidaita bakinta da na maƙwabciyarta, a huda mata ramukan noti, sannan a koma kan ta gaba. A nan kwanaki suke ƙarewa, kuma a nan ne ido yake gajiya har ya tsallake abin da bai kamata a tsallake ba.

Domin mai karatu ya ga girman lamarin, bari in kawo ginin da na fi yin gwaji a kansa a bincikena, wato ɗakin ajiyar hatsi irin wanda ake gani a bakin manyan kasuwanni, mai faɗin mita 18 da tsawon mita 48. Rufinsa yana zaune ne a kan saƙar ƙarfe, wannan ƙwarangwal mai kusurwa uku-uku da ke ƙetare gini daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Idan aka jera saƙoƙin mita shida-shida, ana buƙatar guda 9. Idan aka raba kowace gida 12, tana da gaɓoɓi 12 a sama, 12 a ƙasa, 13 a tsaye, 12 a gicciye, jimilla 49. A gini duka an sami 441 ke nan, kowace da baki biyu da za a haɗa, tun ba a zo kan ginshiƙai da sandunan da ake shimfiɗa kwano a kansu ba. Mai haƙuri yana iya zana su ɗaya bayan ɗaya. Wahalar tana zuwa ne ranar da mai gini ya bugo waya ya ce ya sayi filin maƙwabcinsa, a ƙara faɗin ya kai mita 21. Gidajen saƙa sun koma 14, gaɓoɓin kowace sun zama 57, na gini duka 513. Tsakiyar rufi ta tashi daga inda take, ƙololuwa ta ƙara tsayi, kuma kaurin ƙarfen da ya isa jiya ba lalle ne ya isa yau ba. Aikin mako biyu ya koma farko.

Wannan ne ya kai ni ga abin da zan kira tsara shirin kwamfuta da zane. A tsarin da aka saba, mai shirya manhaja yana rubuta umurni ne layi bayan layi cikin wani harshe na musamman, wanda waƙafi ɗaya idan ya ɓace komai sai ya tsaya. A wannan tsari kuwa, fili ake ba mutum fari fat, ya riƙa ɗora ƙananan akwatuna a kai. Kowane akwati aiki ɗaya ya iya: wani raba layi gida-gida, wani ja layi tsakanin ɗigo biyu, wani kwafar abu ya matsar da shi gaba. A gefen hagu na akwati akwai ƙofofin shigar bayani, a gefen dama na fita. Sai a jawo zare daga bakin wannan a ɗaura a kunnen wancan, bayani ya riƙa gudana daga hagu zuwa dama kamar ruwa a magudanar lambu. A can farkon filin ake ajiye majayai, wato ƙananan madannai da ake ja hagu ko dama domin sauya lamba: faɗin gini, tazarar saƙoƙi, gangaren rufi. Da an taɓa ɗaya, duk akwatin da ke shan ruwa daga gare shi zai sake lissafi, siffar ginin ta sauya a gaban idon mutum.

Tunanin ba sabo ba ne. A shekarar 1963 Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka, manhajar da mutum ke zane da alƙalamin haske a kan allo, har ya iya gaya wa kwamfuta cewa waɗannan layuka biyu su zauna da tsawo ɗaya duk yadda aka motsa su. Bayan shekara uku, a 1966, yayansa William Sutherland ya rubuta kundin digirinsa na uku a wannan jami'a a kan yadda za a bayyana wa kwamfuta aiki ta hanyar zana akwatuna da layukan da ke haɗa su. Masu aikin awo a ɗakunan gwaji sun sami LabVIEW tun 1986. Amma abin bai shigo hannun masu zanen gini da gaske ba sai 2007, lokacin da David Rutten na kamfanin Robert McNeel ya fitar da wani ƙari ga manhajar Rhino mai suna Explicit History, wanda daga baya aka sauya masa suna zuwa Grasshopper. Sunan farko ya fi burge ni, domin ma'anarsa tarihin da aka baje a fili: maimakon kwamfuta ta ɓoye matakan da aka bi aka kai ga siffa, sai a shimfiɗa su kowa ya gani, ya kuma iya komawa baya ya gyara na uku ba tare da ya rushe na goma ba. Masu amfani da Revit su ma suna da nasu, Dynamo, wanda Ian Keough ya fara.

Sai dai Grasshopper layi kawai ya sani, bai san ƙarfe ba. Wanda ya san ƙarfe shi ne irin su Tekla Structures, manhajar wani kamfanin ƙasar Finlan da aka kafa a 1966, wanda Trimble ya saya a 2011. A cikinta kowace sanda tana da siffar yankanta, da nau'in ƙarfenta, da nauyinta, da lambarta. Daga cikinta ake fitar da zanen da mai walda zai riƙe, da jerin kayan da za a sayo, da fayilolin da injinan yanka da huda ke karantawa kai tsaye. Akwai gada tsakanin manhajojin biyu: wasu akwatuna na musamman da ke karɓar layi daga Grasshopper, a gaya musu kauri da nau'in ƙarfe, su haifar da sanda ta gaske a cikin Tekla. Idan aka ja majayin faɗi daga 18 zuwa 21, sandunan da ke can su ma sai su miƙe, sababbi su bayyana. Ranar da na fara ganin gaɓoɓi 441 sun zama 513 kafin shayin da ke gabana ya huce, na daɗe ina jan majayin gaba da baya ba don wata buƙata ba, kamar yaron da aka saya wa sabon keke.

Abin da ya sauya a gare ni ya wuce sauri. Mai zane da hannu yana tambayar kansa, ina wannan sanda take? Mai akwati da zare dole ya tambayi kansa, me ya sa take nan, kuma ina za ta koma idan komai ya motsa? Ba gini yake zanawa ba, ƙa'idar da ke haifar da ginin yake rubutawa. Ko da na lura da haka sai hankalina ya koma kan maginanmu na gargajiya. Azarar da ake tsagowa daga giginya ba ta iya ƙetare tazara mai faɗi ita kaɗai, don haka magini yake jera ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har baka ya haɗu a sama. Abin da ke kan magini ba hoton ɗaki ɗaya ba ne. Ƙa'ida ce da yake miƙawa ko ya taƙaita gwargwadon faɗin da aka ba shi. Da irin wannan sani Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Amma kamannin a nan ya tsaya. Magini yana taɓa kowace azara da hannunsa, idan wata ta rube zai ji, ya jefar da ita. Ƙa'idar da na ɗaura da zare ba ta taɓa komai, ba ta kuma jin komai.

A nan ne nake son in daɗe, domin masu tallar waɗannan manhajoji ba su cika tsayawa a wurin ba. Grasshopper ba ya tara bayanai tuli guda. Yana tsara su ne kamar bishiya mai rassa. A ginina, ɗigogin sama suna zaune a rassa 9, reshe ɗaya ga kowace saƙa, kowane reshe da ɗigo 13. Na ƙasa ma haka. Idan aka kai bishiyoyin biyu ga akwatin jan layi, yana haɗa reshe da reshe, ɗigo da ɗigo, a sami sanduna 117 a tsaye, daidai yadda ake so. To akwai umurnin da ke sassabe rassa duka ya mai da su jeri ɗaya, akwai kuma wanda ke ba kowane ɗigo reshen kansa. Idan aka sassabe bishiya ɗaya aka yi wa ɗayar dashe, kowane ɗigon sama zai haɗu da kowane ɗigon ƙasa: 117 sau 117, layuka 13,689, allo ya yi baƙi ƙirin kamar saƙar gizo-gizo. Wannan kuskure ba abin tsoro ba ne, domin ko makaho ya shafa zai ji.

Abin tsoro shi ne wanda ba ya ƙara. Idan aka ba akwati jeri biyu da tsawonsu bai zo ɗaya ba, ba ya tsayawa ya yi ƙorafi. Ɗabi'arsa ita ce ya ɗauki abu na ƙarshe a gajeren jerin ya yi ta maimaita shi har dogon ya ƙare. A ɗauka an rubuta jerin kaurin ƙarfe guda 13 da hannu domin sandunan tsaye na gini mai faɗin mita 18, aka ba ta tsakiya, ta bakwai, wadda ta fi kowace tsawo, kauri mafi girma. Aka zo aka ja majayi zuwa 21. Sandunan sun zama 15, ta tsakiya yanzu ita ce ta takwas, amma kaurin nan mai girma yana nan a kan ta bakwai. Biyun ƙarshe kuma sun ari kaurin ta goma sha uku. Babu akwatin da zai sauya launi. Siffar za ta fito tsaf, zanen mai walda zai fito tsaf, jerin kaya zai fito tsaf, kuma kuskuren yana cikin saƙoƙi 9 duka, iri ɗaya, a wuri ɗaya. Mai zane da hannu idan ya gaji yakan ɓata sanda guda. Sauran takwas ɗin da ke kusa da ita su tona asirinta, domin ta fita daban. A nan babu wadda ta fita daban.

Injiniyoyi suna da tarihin da ya kamata ya hana su barci a kan wannan. Da asubahin ranar 18 ga Janairu, 1978, rufin babban zauren wasanni na birnin Hartford a Amurka ya rufta a ƙarƙashin nauyin dusar ƙanƙara, sa'o'i kaɗan bayan dubban mutane sun watse daga kallon ƙwallon kwando. Ba a rasa rai ba, don kawai zauren babu kowa a lokacin. Rufin saƙar ƙarfe ne mai faɗin kusan mita 91 da tsawon kusan 110, kuma da kwamfuta aka yi lissafinsa, abin da a wancan zamani ake ɗauka a matsayin tabbaci. Bincike ya nuna cewa lissafin ya ɗauka sandunan sama suna da tallafi a tsakiyarsu da zai hana su tanƙwarewa gefe, alhali a yadda aka haɗa ginin, waɗanda ke gefen rufin ba su da wannan tallafi. Tun ana ɗaga rufin aka auna ya lotsa kusan ninki biyu na abin da kwamfuta ta faɗa, aka ci gaba da aiki. Leonhard Euler ya riga ya bayyana dokar tun 1744: nauyin da siririyar sanda za ta ɗauka kafin ta tanƙware yana raguwa ne gwargwadon tsawonta sau tsawonta. Idan tsawon da babu tallafi ya ninka biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kwamfutar ba ta yi kuskuren lissafi ba. Amsar ginin da aka kwatanta mata ta bayar, ba na wanda aka gina ba. Kuma sayen ƙarfe mai daraja ba ya ceton siririyar sanda daga wannan: nau'in S355 ya fi S275 jure nauyi kafin ya saki, amma taurinsu wajen lanƙwasa ɗaya ne, kimanin 210,000 a ma'aunin niwton kan murabba'in milimita, kuma wannan taurin ne dokar Euler take kallo.

A yau ana iya sa lissafin ƙarfin gini a cikin filin akwatunan kansa. Karamba3D, wanda Clemens Preisinger ya ƙirƙira a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, yana karɓar layukan ya ɗora musu nauyi ya faɗi abin da kowace sanda ke sha. Akwai kuma Galapagos, wani akwatin Rutten da ke jan majayai da kansa: ya gwada ɗaruruwan siffofi, ya zubar da raunana, ya haɗa iri tsakanin nagartattu, har ya kai ga wadda ta fi kowace rashin nauyi. Abin yana da daɗin kallo ƙwarai. Amma amsar da yake bayarwa amsa ce ga tambayar da aka yi masa, kuma idan tambayar ita ce rage kilo, zai rage kilo ko da kuwa zai ba kowace sanda kaurinta daban.

Na taɓa ɗaukar takardu biyu na kai wa wani dattijon mai walda da nake yawan neman shawararsa, mutumin da ya ɗora rufin ƙarfe tun ina makarantar firamare. Ta farko ita ce wadda Galapagos ya zaɓa. Ta biyu na tilasta mata amfani da kaurin ƙarfe uku kacal, ta fi ta farko nauyi. Na ce, "Baba, wacce za ka fi son a kawo maka?" Ya ɗaga ta farko ya nisanta ta da idonsa, ya ce, "Injiniya, ƙarfe kala nawa ne a nan?" Na ce goma sha ɗaya. Ya ajiye ta a hankali. "Yarana da tef da alli suke aiki, a cikin rana. Mai kaurin huɗu da mai kaurin biyar in sun kwanta a ƙasa sun sha ƙura, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ka ba ni uku da ido zai bambanta daga nesa, in ba ka rufin da za ka kwana a ƙarƙashinsa." Daga nan ya ɗauki alli ya nuna mini abin da ya fi damunsa, wato guntaye. Ƙarfe yana zuwa ne da tsawon da aka yanke masa, galibi mita 6 ko 12. Sanda mai mita 2.1 biyu kawai ake samu daga mai mita 6, a bar guntun mita 1.8 da ba shi da wurin zuwa. Idan aka ɗan rage zurfin saƙa ta koma mita 1.95, uku ake samu, saura santimita 15 da bakin zarto zai ci wani abu daga ciki. Mai gini ba kilon da ke cikin zane yake biya ba, adadin ƙarafan da aka ɗora a mota yake biya.

Wannan matsala ta rage asarar yanka tana da tsohon tarihi a ilimin lissafi. Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyet ya yi nazarin irinta a 1939, kuma aikinsa a wannan fage ya kai shi ga kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1975. Dattijon bai taɓa jin sunansa ba, amma da alli yake warware ta kullum. Abin da na ga ya dace shi ne a mai da maganarsa akwatuna: ɗaya mai ƙirga yawan kalar ƙarfe ya ci tarar duk siffar da ta wuce uku, ɗaya mai jera yanka a kan tsawon kasuwa ya ƙirga ƙarafa cikakku maimakon kilo. Da aka sauya tambayar, Galapagos ya sauya amsa. A ganina a nan ne amfanin tsarin yake ga irin wurarenmu, ba a gine-gine masu murɗe-murɗe da ake nunawa a hotunan talla ba. Sanin da ke kan mutum ɗaya ana iya ɗaure shi a cikin ƙa'ida, ya yi aiki a gini na gaba ko da mutumin ba ya wurin.

Akwai kuma batun ƙarfen kansa. Jadawalin da ke cikin manhaja na masana'antun Turai da Amurka ne, inda abin da aka rubuta shi ne abin da za a kawo. Mu kuwa, kamfanin ƙarfe na Ajakuta da aka fara ginawa a 1979 har yau babbar tanderunsa ba ta fara narkar da tama ba, kuma manyan ƙarafan gini akasari daga waje ake shigo da su. Ƙananan da ake samu a kasuwa, na sha auna su da ma'aunin kauri in tarar sun gaza abin da mai sayarwa ya kira su da shi. Lissafin ba shi da wuya. Ƙarfe mai kusurwa, 50 da 50 da kaurin milimita 5, nauyinsa kilo 3.77 ne a kowace mita, faɗin yankansa murabba'in santimita 4.80. Idan kaurin 4 ne, nauyin 3.06 ne, yankan 3.89. Milimita ɗaya da ido ba ya gani ta tafi da kusan kashi ɗaya cikin biyar na naman ƙarfen. Saboda haka na ƙara majayin da babu shi a littattafan koyarwa, na kaurin da aka auna a wurin aiki. Idan kaya sun iso aka auna, a ja shi zuwa gaskiyar abin da aka gani, nan take a san ko rufin yana nan a kan ƙafarsa ko sai an matso da saƙoƙi kusa, alal misali daga mita 6 zuwa 4.8, su zama 11 maimakon 9. Da hannu wannan aikin kwanaki ne, kuma sanin kowa ne cewa mota ba ta jiran kwanaki a bakin fili.

Iska ma tana da nata. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san guguwar farkon damina da yadda take yaye kwano ta kai shi unguwa ta gaba. Rufin kwano ba shi da nauyi, don haka iska mai ƙarfi tana iya rinjayarsa ta ɗaga shi sama. A wannan lokaci komai yana juyewa: sandar ƙasa ta saƙa, wadda a kullum ja take sha, kuma saboda haka ake barinta siririya, sai ta koma shan danni. Sandar sama tana da sandunan kwano da ke riƙe ta kusa-kusa. Ta ƙasa kuwa, in ba a sa mata tallafi da gangan ba, tana iya tafiya mita 18 babu mai riƙe ta. Euler ya dawo ke nan.

Mahaɗa, wato inda sanduna ke gamuwa da faranti da noti ko walda, nan ne na fi taka-tsantsan da barin kwamfuta ta yanke hukunci. Tekla tana da mahaɗai shiryayyu masu yawa, kuma ana iya sa akwati ya dasa su a bakuna ɗari takwas cikin ƙiftawar ido. Amma a ranar 17 ga Yuli, 1981, a otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas, gadojin tafiya biyu da ke rataye a cikin zaure sun faɗo, mutum 114 suka mutu, kuma sanadin mahaɗa ce. Zanen farko ya nuna doguwar sanda ɗaya da ke ratsa gadar sama ta sauka ta riƙe ta ƙasa. A matakin zanen ƙira aka mai da ita sanduna biyu domin sauƙin haɗawa, sai nauyin gadojin biyu ya taru a kan mahaɗar gadar sama, ya ninka abin da take ɗauka. Sauyin a takarda ƙarami ne. Injiniyoyin da suka sa hannu sun rasa lasisinsu. Matakin da abin ya faru, tsakanin lissafin injiniya da zanen maƙera, shi ne daidai matakin da akwati da zare ke son gajartawa, kuma gajarta shi yana rage yawan idanun da ke bi ta kan takarda.

Tsarin yana da wasu gazawa da ba su kai waɗannan nauyi ba, amma suna ci wa mai aiki tuwo a ƙwarya kullum. Bayani hanya ɗaya yake bi, ba ya komawa baya, don haka aikin da ke buƙatar a gwada, a duba, a sake gwadawa sai an nemo wani ƙari ko an buɗe akwati an rubuta Python a ciki. Wanda ya gudo daga rubutun umurni sai ya tarar da shi yana jiransa a tsakiyar fili. Idan akwatuna suka haura ɗari biyu, zaruruwa suna sarƙewa kamar taliyar da aka juye a kwano, har mai su ya kasa gane su bayan wata uku, balle wani. Lasisin manhajojin da dala ake biya. Kwamfutar da za ta ɗauki Rhino da Tekla lokaci guda ba ta daɗewa a kan batir idan an ɗauke wuta. Game da sarƙewa, abin da na saba yi shi ne in tattara akwatuna rukuni-rukuni in rubuta musu suna da Hausa: gindin ginshiƙi, gadon baya, haƙarƙari, inda iska ke shiga. Na fara ne don kaina, amma na lura cewa idan na juya allon ga ɗaliban da ke tasowa ko ga mai walda, suna bin zaren da yatsa su gane inda lamba ta fito, abin da shafi goma na lissafi da Turanci bai taɓa yi musu ba.

Wani abokin karatuna da ke cin abinci da zanen ƙarfe ya tambaye ni ko abin da nake yi ba zai raba shi da aikinsa ba. Ban ba shi amsar da za ta kwantar masa da hankali duka ba, domin kashin maimaici lalle zai ragu, kuma da shi ake biyan mutane da yawa. Abin da na gaya masa shi ne cewa shi ya san inda mabuɗin noti ba zai shiga ba idan faranti ya matse, ya san tsawon da tirela za ta iya ɗauka ta juya a lungu, kuma ƙa'idar da ba ta ƙunshi irin wannan sani ba ɓarna kawai za ta riƙa haifarwa da sauri. Doka ma ba ta san akwati ba. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 domin kula da aikin injiniya a Nijeriya, mutum take yi wa rajista, kuma hatimin mutum ne ke hawa kan zane.

A fayil ɗin da nake aiki da shi yanzu akwai wuri ɗaya da na ƙi ɗaura wa zare. Shi ne inda ake faɗin tsawon da kowace sanda mai shan danni za ta yi babu tallafi, sama da ƙasa, da lokacin da iska ta juya. Da sauƙi in sa kwamfuta ta auna tazarar ɗigo zuwa ɗigo ta cike da kanta, amma ɗigo a kan allo ba tallafi ba ne sai an ga ƙarfen da zai riƙe shi a zanen mai walda. Na kuma tsara shi yadda duk lokacin da aka taɓa majayin faɗi ko na tazara, lambar da aka sa a baya ta goge. A Grasshopper akwatin da bai sami abin da yake jira ba yana komawa ruwan goro, duk na bayansa su zauna babu komai, ko sanda ɗaya ba za ta isa Tekla ba. Wani ɗalibi da na ba fayil ɗin ya gwada a makon jiya ya dawo ya ce mini ya lalace, ya tsaya a tsakiya. Na jawo masa kujera, na miƙa masa zanen rufin da fensir, na ce ya nuna mini abin da ke riƙe da sandar ƙasa. Ya kai kusan minti ashirin yana dubawa kafin ya rubuta lamba a cikin akwatin.